Wayar Bakin Daga Da Sojojin Da Ke Gyaranta

Idan aka yi maganar kayan yaƙi, abin da yakan fara zuwa zuciyar mutane shi ne igwa da tankar yaƙi da jirgin sama. Ba safai ake tunawa da wata siririyar waya ba, wadda kaurinta bai kai na fensir ba, wadda ake shimfiɗawa a ƙasa tsakanin ramukan dakaru da mazaunin kwamandansu. Alhali kuwa ta cikin wannan waya ce hafsan da ke bakin daga yake gaya wa masu igwa inda za su saita. Ta cikinta ake neman ƙarin harsashi da abinci, ta cikinta kuma ake kiran masu ɗaukar waɗanda suka ji rauni. Ran da ta tsinke, kwamanda ya zama kurma kuma bebe, ko da yana da mayaƙa dubu goma a ƙarƙashinsa.

Shimfiɗa wayar aikin 'yan sa'o'i ne. Kula da ita kuwa aikin dare da rana ne, tun daga ranar da aka shimfiɗa ta har ranar da za a naɗe. Masu wannan aiki su ne 'yan sigina, watau sojojin sashen sadarwa, musamman ma waɗanda ke bin layi da ƙafa suna neman inda ya lalace. Tarihin yaƙe-yaƙe na fiye da shekara ɗari ya nuna cewa amfanin layi yana rataye ne a kan ƙwazon mai gyaransa.

Me Ya Sa Ake Wahala Da Waya?

Mai karatu yana iya tambaya, tun da akwai wayar iska, watau rediyo, mene ne na ɗawainiya da igiya mai tsawon mil da yawa? Amsar tana cikin halin rediyon kansa. Duk lokacin da soja ya danna rediyo ya yi magana, saƙonsa yakan bazu ko'ina cikin iska, abokin gaba ya ji kamar yadda ɗan'uwa zai ji. Ko da an ɓoye ma'anar maganar, akwai na'urorin da ke gano daga wace kusurwa ta fito, sa'an nan a aika da harsashin igwa can. Har ila yau ana iya cika iska da hayaniya ta yadda babu rediyon da zai yi aiki a yankin. Duwatsu da kurmi mai duhu su ma sukan tare shi.

Waya ba ta da waɗannan aibobi. Magana tana bin cikin ƙarfe ne daga wannan baki zuwa wancan, mai son ya saurara sai ya matso kusa. Ba ta cin batir da yawa, kuma mutum biyu suna iya magana a lokaci guda kamar suna zaune a zaure ɗaya. Aibinta guda ne, amma babba: tana tsinkewa.

Wannan aibi ya bayyana tun farko. A Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, sojojin Ingila sun binne wayar tangaraho tsakanin sansanoninsu a kusa da birnin Sebastopol, kuma sau da yawa sojojinsu ne da kansu suke datse ta wajen tonon ƙasa. Bayan da Alexander Graham Bell ya sami rajistar tarho a 1876, rundunoni suka karɓe shi, har ya zama babbar hanyar ba da umarni a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Yadda Wayar Take

Wayar fagen yaƙi ta bambanta da ta gida. Misali mai kyau shi ne wadda sojojin Amurka suka yi shekaru da yawa suna amfani da ita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mai suna WD-1. Igiya biyu ce aka murɗe tare. Cikin kowace igiya akwai sili bakwai: huɗu na jan ƙarfe, uku na baƙin ƙarfe. Jan ƙarfe shi ke ɗaukar lantarki, amma yana da laushi. Baƙin ƙarfe kuwa shi ke ba wayar ƙarfi don kada ta tsinke idan an ja. An yi wa kowace igiya riga ta roba don hana ruwa da ƙasa taɓa ƙarfen.

Nauyin mil ɗaya na wannan waya ya kai laba 48, watau wajen kilo 22. Akan naɗe ta a ganguna manya da ƙanana. Ƙaramar ganga, wadda soja ɗaya yake riƙewa yana tafiya tana warwarewa, tana ɗaukar rubu'in mil, watau mita 400. Manya kuwa a bayan mota ake ɗora su.

A kowane bakin layi akwai tarho mai hannun murɗawa. Idan aka murɗa hannun, wani ɗan injin da ke ciki yakan ba da lantarkin da zai kaɗa ƙararrawa a ɗaya gefen. Ƙananan batura biyu sun isa su ɗauki murya. Da irin tarhon da ake kira TA-312, magana takan kai mil 22 idan waya a bushe take, amma idan ta jiƙe sai nisan ya ragu zuwa wajen mil 14. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin ɓarnar da damina ke yi wa layi. A hedkwata kuma akwai allon haɗa layi, inda soja ke zaune yana sada wannan da wancan.

Cututtukan Layi Guda Huɗu

Ɗan sigina yakan koyi cewa lalacewar layi ba ta wuce iri huɗu ba, kuma kowace tana da alamarta.

Ta farko ita ce tsinkewa, ko ta igiya ɗaya ko ta duka biyun. Alamarta ita ce hannun tarho yakan juya sakayau ba nauyi, kuma ba a jin komai a kunne. Ta biyu ita ce haɗewa, watau rigar roba ta goge, ƙarfen igiyoyin biyu ya taɓa juna, lantarki ya juyo tun bai kai inda aka aike shi ba. A nan hannun yakan yi tauri wajen murɗawa. Ta uku ita ce yoyo zuwa ƙasa: ƙarfe ya fito fili ya kwanta a danshi ko cikin ruwa, murya ta raunana, ana jin gunji a layi. Ta huɗu ita ce cuɗanya, inda layin wata bataliya ya taɓa na wata, mutum ya kira wane ya ji wane, ko ya ji maganar da ba tasa ba.

Abubuwan da ke jawo waɗannan suna da yawa. Akwai ɓaraguzan harsashin igwa da na bam. Akwai 'yan sintirin abokan gaba masu yanke waya da gangan. Akwai ɓeraye masu gwaguyar roba, da iska mai goga waya a jikin reshe har ta ɓare, da tsawa. Amma sau da yawa mai ɓarnar na gida ne: tankar yaƙi ta bi ta kai, ko babbar mota ta kwashe ta da ƙafafunta, ko alfadari ya sarƙe, ko kuwa wani soja ya yanki guntu don ya ɗaure tantinsa.

Neman Inda Ɓaraka Take

Da zarar mai kula da allo ya ga layi ya mutu, sai ya fara duba na kusa: batir, da maɗaurin waya a jikin tarho, da allon kansa. Sau da yawa matsalar ba ta wuce nan ba, kuma tura mutane cikin wuta saboda kusa guda da ta kwance babban sakaci ne. In an tabbata a waje take, sai a tura masu bin layi, galibi mutum biyu ko uku. Kayansu filaya ce da wuƙa da tef na naɗe waya, da guntun sabuwar waya, da tarhon gwaji, ga kuma bindiga.

Idan sun yi ɗan nisa sai su maƙala tarhon gwaji a jikin layi su kira. In hedkwata ta amsa, to daga nan zuwa baya lafiya lau, ɓarakar tana gaba. In wanda ke bakin daga ne ya amsa, sun wuce ta. Inda hanya ta ba da dama, akan fara gwaji daga tsakiya. A ce tsawon layi mil 8 ne: gwaji na farko zai rage wurin nema zuwa mil 4, na biyu zuwa mil 2, na uku zuwa mil 1, na huɗu zuwa rabin mil. Idan haɗewa ce ko yoyo, dole a raba layin a gwada kowane ɓangare shi kaɗai, sa'an nan a sake haɗa shi. Saboda haka ne ake barin wuraren gwaji a kan dogon layi tun lokacin shimfiɗa shi.

Da dare ba a kunna fitila. Mai bin layi yakan riƙe waya a tafin hannunsa yana tafiya tana zamewa, har ya ji inda ta goge ko inda ta ƙare. Samun baki ɗaya rabin aiki ne, domin fashewar bam takan jefa ɗaya bakin yadi da yawa, sai an yi ta lalube cikin taɓo. A wurin da layuka goma suka bi hanya guda, yana iya kama bakin layin wasu ya haɗa da nasa. Nan ne amfanin alama yake fitowa: kowane layi akan rataya masa ɗan katako ko kwali mai lambarsa, wani lokaci da tsaga a gefe don a gane shi da yatsa cikin duhu.

Akwai wani hatsari kuma. Abokan gaba sun san cewa duk inda waya ta tsinke, wani zai zo. Don haka sukan yanke ta su yi kwanton ɓauna, ko su binne nakiya a wurin. Sojojin Japan sun yi suna da wannan dabara a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa ɗaya ke gyara, ɗaya na gadi.

Ƙullin Da Ba Ya Kwancewa

Haɗa waya yana da ƙa'ida, kuma ana koya wa kurtu ita har sai ya iya yi ido rufe. Da farko sai a yanke igiyoyin biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo da wajen inci shida, domin kada ƙulli biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa su taɓa juna. Sa'an nan a feƙe rigar roba a hankali, ba tare da an ji wa silin ƙarfe ciwo ba. Sai a ƙulla bakin biyu da irin ƙullin da ke ƙara tamkewa idan an ja shi.

Bayan haka sai a rarrabe silin. Dabarar ita ce a lanƙwasa su da yatsa: na jan ƙarfe za su tsaya a lanƙwashe, na baƙin ƙarfe kuwa su miƙe su koma yadda suke. Sai a datse na baƙin ƙarfe, domin in an bar su za su huda tef. Na jan ƙarfe kuma a nannaɗe su a kan ƙullin sosai, don lantarki ya sami hanya. A ƙarshe a naɗe wurin da tef, a zarce har kan rigar roba ta kowane gefe yadda ruwa ba zai shiga ba. Kafin a bar wurin dole a kira gefe biyu a ji sun amsa.

Wanda wuta ta matsa wa yakan murɗe bakin waya kawai ya ja da baya, kuma babu mai ganin laifinsa. Sharaɗi shi ne a koma a gyara da zarar ƙura ta lafa. In an bar shi haka, ya zama gyaran gangar Auzinawa: ruwa zai shiga, tsatsa ta kama, murya ta dinga raguwa kullum, har layin ya mutu a daren da aka fi bukatarsa. Irin wannan lalacewa ta fi tsinkewa wuyar ganowa, domin ido yana ganin waya a haɗe.

Rigakafi Ya Fi Magani

Yawancin wahalar mai gyara tana farawa ne daga hannun mai shimfiɗawa. Saboda haka littattafan koyar da sigina suka tsananta a kan wasu dokoki. Ba a jan waya ta yi tsam. Akan bar mata sassauci, wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsawonta, don ta bi tudu da kwari, ta jure girgizar bam, kuma mai gyara ya sami abin da zai jawo. Akan kauce wa gefen hanya da mararraba da gada, domin nan ne motoci ke bi, nan ne kuma abokan gaba ke luguden wuta. Akan ɗaure ta a gindin itace ko turke a duk inda ta yi kwana.

Wajen ƙetare hanya, ko dai a bi da ita ta cikin kwalbati, ko a binne, ko a ɗaga ta sama. A ƙa'idar sojojin Amurka, tsayin da ake so a kan babbar hanya shi ne ƙafa 18. Wuri mai muhimmanci ba a barinsa da layi ɗaya: akan ja na biyu ta wata hanya dabam, yadda bam guda ba zai kashe duka ba. Kowane layi akan zana shi a taswira, domin wanda ya shimfiɗa shi yana iya rasuwa ko a canja masa wuri. Kuma akan kira kowane tarho a kan lokaci, ko da babu saƙo, don a san yana da rai. Idan runduna ta tashi, akan naɗe waya a duba ta taku-taku, a yanke wuraren da suka lalace kafin a mayar da ita ganga.

Darasin Ramukan Faransa

Da jini aka koyi yawancin waɗannan dokoki, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918. A Faransa da Beljiyam rundunoni suka haƙa ramuka suka zauna suna fuskantar juna shekara da shekaru, igwa tana aiki ba dare ba rana. Wayar da aka shimfiɗa a fili ba ta daɗewa. Aka koma maƙala ta a bangon rami, sai ga sojoji suna sarƙewa da ita. Aka binne ta ƙafa biyu ko uku, harsashi ya tono ta. A 1916 Turawan Ingila suka tsaya a kan zurfin ƙafa shida, wanda ke jure harsashin igwar Jamus mai faɗin santimita 15. Dakaru ne ke haƙa waɗannan ramuka da dare, a rufe kafin gari ya waye don kada jiragen leƙen asiri su gani. Kafin Yaƙin Kogin Somme na wannan shekara, an binne wajen mil 7,000 na waya, aka kuma ja wajen mil 43,000 a sama.

An kuma fito da dabarar tsani: layuka biyu ko uku a jere da tazara tsakaninsu, a haɗa su da gajerun wayoyi nan da can kamar matakala. Ko an datse wurare da yawa, magana takan sami hanyar zagayawa. Amma duk wannan yana ƙarewa ne a ramin gaba. Da zarar dakaru sun fita kai hari, sai 'yan sigina su bi su da ganga a hannu cikin fili, kuma irin wannan layi yakan tsinke cikin 'yan mintoci. Daga nan sai dogaro ga 'yan aike masu gudu da ƙafa, da tantabaru, da fitilu.

Akwai darasi na biyu, na tsare asiri. A farkon yaƙin, don tsimi, igiya ɗaya ake ja, a kafa ƙarfe a ƙasa a kowane gefe, lantarki ya komo ta cikin ƙasa. Jamusawa suka gane cewa in sun binne nasu ƙarafan kusa, suka haɗa da na'urar ƙara sauti, za su ji abin da ake faɗa. Sunan na'urar tasu Moritz. Da asubahin ranar 1 ga Yuli, 1916, wata tasharsu a kusa da ƙauyen La Boisselle ta tsinci saƙon fatan alheri da aka aika wa sojojin Ingila, suka tabbata hari ya zo. Runduna ta 34 da ta kai hari a wurin ta yi hasarar fiye da mutum 6,000 a wannan rana, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Dalilan wannan hasara suna da yawa, amma sakin baki a waya yana cikinsu.

Maganin da aka yi shi ne komawa ga igiya biyu a murɗe, da hana faɗin asiri a tarhon bakin daga. Wani hafsan Ingila, Kyaftin A. C. Fuller, ya ƙirƙiro wata na'ura a 1915 da aka sa wa suna Fullerphone. Tana aika saƙon tangaraho da lantarki mai rauni ƙwarai wanda na'urar Jamusawa ba ta iya tsinta, kuma tana aiki ko a kan layi mara kyau. Duk da haka, wayar da rigarta ta goge tana zubar da magana cikin ƙasa kamar tulu mai yoyo. Ke nan mai naɗe tef da kyau yana tsare asirin runduna ne.

Mutanen Da Suka Bi Layi

Aikin ba mai jawo suna ba ne, amma tarihi ya riƙe wasu. Ɗaya shi ne Kofur Cyril Bassett, akawun banki daga birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan. Ranar 7 ga Agusta, 1915, a yaƙin Galipoli da ke ƙasar Turkiyya, ya ja layi da rana tsaka zuwa kan tudun Chunuk Bair, wuta na zuba ba ƙaƙƙautawa, ya kuma ci gaba da gyaran layuka dare da rana a kwanakin da suka biyo. An ba shi Victoria Cross, lambar jaruntaka mafi girma a daular Ingila, kuma shi kaɗai ne ya same ta cikin rundunar ƙasarsa a Galipoli. Gajeren mutum ne, yakan ce gajartarsa ce ta sa harsashi ke wucewa ta samansa. Bayan yaƙi ya koma aikin banki, ya rasu a 1983.

Tarihin sojojin Tarayyar Sobiyet kuma ya ajiye labarin Matvey Putilov, ɗan sigina a Runduna ta 308 a yaƙin Stalingrad. A watan Oktoba na 1942 aka tura shi gyaran layi kusa da masana'antar Barrikady. An harbe shi, hannunsa ya daina aiki, sai ya haɗa bakin wayar biyu ya danne da haƙoransa, layi ya tashi. A haka aka sami gawarsa.

Daga Bama Zuwa Najeriya

Sojojin Najeriya sun san wannan aiki a wuri mafi wuya. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, da mayaƙa daga Najeriya da Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957, da Saliyo da Gambiya, aka kai su ƙasar Bama don yaƙar Japan. Hausawa da masu jin Hausa suna da yawa a cikinsu. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota sai wadda suka sare da hannunsu. Jiragen sama ke jefo musu kaya, sa'an nan a ɗauka a ka, har da gangunan waya da batura da akwatunan rediyo.

Yankin Arakan yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya. A gaɓar tekunsa ruwan shekara yakan kusa inci 200, watau ya ninka na Kano sau biyar ko fiye. A irin wannan wuri tef yakan saki, ƙarfe ya yi tsatsa, rafin da aka ƙetare da safe ya zama kogi da yamma ya tafi da layi. Sunayen wasu barikoki a Legas, kamar Arakan da Myohaung da Dodan, daga wuraren wannan yaƙi aka samo su.

Sashen sigina ya fitar da manyan hafsoshi a Najeriya. Sananne a cikinsu shi ne Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda ya yi kwas a makarantar sigina ta Catterick a Ingila, ya shugabanci sashen, ya zama Kwamishinan Sadarwa na Tarayya a 1974, sa'an nan Shugaban Ƙasa daga Yuli 1975 har aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976.

Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Da aka sami tauraron ɗan'adam da wayar hannu da intanet, mutane da yawa sun ɗauka zamanin tarho mai hannun murɗawa ya wuce. Yaƙin Rasha da Yukren, wanda ya faɗaɗa a watan Fabrairu na 2022, ya nuna ba haka ba ne. Kowane ɓangare ya cika iska da na'urorin toshe rediyo da na gano mai magana, ga kuma ƙananan jirage marasa matuƙi suna shawagi suna neman abin hari. Sai aka ga sojoji a ramuka sun koma ga tarhon TA-57, wanda aka ƙera a Tarayyar Sobiyet tun 1957. Tun daga 2024 ma, wasu jiragen marasa matuƙi da siririn zaren gilashi ake sarrafa su, saboda dalili guda: abin da ke bin igiya ba a toshe shi ta iska.

Komawa ga waya kuwa komawa ce ga mai gyaranta. Har yanzu babu injin da ke bin layi cikin duhu da taɓo ya lalubo bakin da bam ya jefar. Sai mutum, da filayarsa da wuƙarsa da tef a aljihu. Rundunar da ta sayi waya mai tsada ta ƙi horar da irin wannan mutum, ko ta ƙi ba shi kayan aiki, za ta gane kurenta a daren da kwamanda zai murɗa hannun tarho ya ji shiru.